Firam mai inci 4 da wuyan kaftani: labarin wani tela daga azumin 2023 zuwa na 2025

Shagon kafin a sayi keke

Telan nan matashi ne, yana da shago ɗaya a cikin Kano da kekunan ɗinki uku da yara biyu masu koyo. Kayan maza yake yi, kaftani da jamfa, babbar riga sai jefi-jefi. Ni kuma sana'ata zana disain a kwamfuta, wato in ɗauki zanen takarda ko hoton da aka turo ta waya in mayar da shi fayil ɗin da keken monogram, mai buga ado da zare a jikin yadi, zai iya karantawa, shi yasa duk abin nan a gabana aka yi shi, wani wajen ma da hannuna a ciki.

Yadda yake aiki a da, zai yanka gaban riga ya zana wuya da alli, ya ba yaro ya hau adaidaita sahu ya kai wa masu manyan injina masu kai da yawa, su buga aikin a dawo masa da shi ya haɗa rigar. A ranakun da ba rububi kwana biyu an gama. Matsalar azumi ce. A 2023 an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris, tun kafin a kai goma ga wata layi ya yi tsawo a wajen masu injin, aikin kwana biyu ya koma sati har da ɗoriya, kuma su ma ba laifinsu bane, kowane tela a garin lokacin yake kawo nasa. An yi sallah ranar 21 ga Afrilu, shi kuwa daren jajibiri a shago ya kwana yana haɗa rigunan da aka dawo da su bayan isha'i, wasu kwastomomin a tsaye a bakin ƙofa suna jira. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa shi ma sai ya mallaki nasa keken.

Agusta 2023: sayen keke

An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, duk wani abu da ake shigowa da shi daga waje ya fara hawa kullum. Kuɗin da ya tara da na adashin da ya ɗauka yana ganinsu suna narkewa a hannu. Sai ya ga talla a waya, ƙaramin keken monogram sabo a kwali, allura ɗaya, yana karɓar filash, ga sikirin mai kala, kuɗin kuma daidai abin da ke hannunsa. A jikin tallar an rubuta 4x4 ƙarara, ba a ɓoye ba. Ya ce min ya ga lambar amma ya ɗauka girman firam ɗin da aka haɗo da shi ne kawai, wato zoben da ake ɗaure yadi a ciki, in yana son babba sai ya saya daban kamar yadda ake canza ƙafar keke.

Bai tambaye ni ba kafin ya tura kuɗin, sai da kaya suka iso tasha ya kira ni da murna, "Yaya, keke ya zo, ka zo ka sa mana albarka." Na je. Abu na farko da muka tarar, keken na kasuwar Amurka ne, wutar 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce, Allah ya sa mun duba bayansa kafin a jona, aka nemo sitefdawun mai rage ƙarfin wuta. Wannan ƙaramar magana ce, an gama da ita a ranar.

Muka gwada sunansa a kan ƙyalle, ya fito tsaf, harafi kamar an buga a ɗab'i. Daga nan ya ce in saka masa disain ɗin wuyan da kwastomominsa suka fi so, wani mai sarƙa da ke saukowa daga wuya zuwa ƙasan maɓalli, tsawonsa inci 12, faɗinsa inci 3 da rabi. Na saka a filash, keken ya ƙi buɗe fayil ɗin. Muka canza filash, muka sake ajiye fayil ɗin da wani suna, shiru. Sai da na buɗe littafin keken na nuna masa wajen da aka rubuta filin aiki milimita 100 da 100, wanda ko inci 4 bai cika ba, 3.9 ne da ɗan wani abu. Duk disain ɗin da ya wuce haka keken ba zai karɓa ba.

Satumba 2023: rage disain da sayen babban firam

Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne a rage disain ɗin. Daga inci 12 zuwa 4 dai ba zance bane, wuyan rigar jariri kenan. Amma akwai na aljihu da na bakin hannu masu inci 5 zuwa 5 da rabi, ya ce a matse su su shiga. Ni na matse masa a kwamfuta da gaggawa ba tare da na sake lissafin ɗinkin ba, kuma a nan ne na yi nawa kuskuren. Shi disain na monogram ba hoto bane, jerin wuraren da allura za ta soka ne, in ka rage girmansa ka bar yawan sukar yadda yake to allura za ta dinga faɗawa kusan rami ɗaya, zare ya hau kan zare. Shi yasa su kansu kekunan gida basa barin ka rage ko ka ƙara sosai a sikirin, ɗan kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne. Aikin ya fito da tauri kamar kwali, zare yana tsinkewa duk bayan 'yan mintuna, allura biyu suka karye a yini ɗaya. Da na zauna na sake zana su daga farko a girman milimita 95 sai suka yi lafiya, amma fa na aljihu ne kawai, wuyan da aka sayi keken dominsa yana nan yadda yake.

Sai ya koma kan tunaninsa na farko, ya yi odar firam mai 5x7 ba tare da ya faɗa min ba. Da ya zo ko maƙalewa bai yi ba, bakin da ake sarƙafa shi a hannun keken daban ne. Ya kai wa wani mai gyara ya ce ko za a yi masa dabara, mai gyaran ya faɗa masa gaskiya, ya ce ko an ɗaura shi da waya ba abin da zai ƙaru.

Dalilin kuwa a fili yake in ka tsaya ka kalli keken yana aiki. Allura bata zuwa ko'ina, sama da ƙasa kawai take yi a waje ɗaya. Firam ɗin ne yake yawo, akwai hannu da ke jansa dama da hagu, gaba da baya, kuma iyakar tafiyar wannan hannun ita ce iyakar aikin. A kekensa hannun milimita 100 yake tafiya ta kowane ɓangare, a nan ƙarfen ya ƙare, a nan kuma kwakwalwar keken ta san ta tsaya. In ka sa masa firam kamar faranti, tsakiyar nan mai inci 4 kawai zai ɗinka. Har ma firam ɗin da ya zo da shi in ka sa tef a cikinsa za ka ga ya fi inci 4, saboda ana barin sarari a gefe don kada ƙafar keken ta daki roba, to wannan ma yana ruɗar mutane, suna auna robar su ɗauka filin aikin kenan.

Mai kayan bai karɓi firam ɗin ba, tunda abin da aka yi oda shi ya turo.

Oktoba zuwa Disamba 2023: yanka disain gida-gida

Hanyar da ta rage ita ce a raba disain ɗin, a ɗinka kashi ɗaya, a kwance yadin a matsar da shi a sake ɗaurewa, a ɗinka na biyu, haka har a kai ƙasa. Inci 12 a filin inci 3.9 kashi huɗu kenan in ka bar wajen haɗi. Na raba masa, na sa 'yar alamar giciye a ƙarshen kowane kashi da farkon na gaba, don ya daidaita allura a kanta kafin ya tayar da keke.

A kan farin yadi mai arha da muka gwada abin ya yi kyau har muka tafa. A kan shadda ne aka gane ba a gama ba. Shadda tana da santsi ga tauri, musamman wadda ta sha bugu, in ka danna zoben ciki a cikin na waje sai ta ɗan zame, ba da yawa ba, milimita ɗaya ko biyu. A ido ba komai bane. Amma sarƙar nan layi ne miƙaƙƙe da ke gangarowa a tsakiyar ƙirji, daidai inda duk wanda ya tsaya gaisawa da mai rigar zai kalla, in kashi na biyu ya kauce da milimita ɗaya sai ka ga layin ya yi ɗan gwiwa, in ya ja baya sai ka ga tsaga, in ya hau kan na farko sai wajen ya yi tudu. Kuma kaucewar taruwa take, na biyu ya ɗan karkata, na uku ya ɗora a kansa, kafin a zo na huɗu ƙasan aikin ya bar tsagar maɓalli ya nufi aljihu. Ga shatin firam, kowane ɗauri yana barin zobe a kan ƙyallin shaddar, huɗu a jere kamar an ɗora kofin shayi, wani yana fita da guga da ɗan ruwa wani baya fita gaba ɗaya. Ga kuma takardar da ake shimfiɗawa a ƙasa don ta riƙe yadin, kowane ɗauri sai an yanka sabuwa.

Na zauna da shi wata ranar Asabar ina duba agogo. Ɗinkin kansa bai kai awa ɗaya ba, amma da kwancewa da ɗaurewa da saita allura a kan giciye, a ga bai hau ba a sake kwancewa, riga ɗaya ta ci kusan awa uku. Ana cikin kashi na uku aka ɗauke wuta, kafin yaro ya tayar da janareto ya manta lambar sukar da aka tsaya, sai da muka dinga matsawa goma-goma muna leƙen inda zaren ya ƙare.

A watan Nuwamba na ce ya nemo firam ɗin nan mai matakai uku, wanda ake yi don irin waɗannan ƙananan kekunan. Shi dogo ne, kusan inci 4 da 6 da uku bisa huɗu, yana da wajen maƙalawa uku a gefe, kana gama kashi ɗaya sai ka zare shi ka maƙala a mataki na gaba ba tare da ka taɓa yadin ba. Wannan ya yi aiki da gaske, haɗin da ke cikin ɗauri ɗaya yana fita ba a ganewa. Sai dai har yanzu keken inci 3.9 yake ɗinkawa a kowane zama, dole a raba fayil, kuma inci 12 baya shiga 6 da uku bisa huɗu, sai an kwance sau ɗaya. Daga haɗi uku masu hatsari an koma ɗaya. Ɗayan nan ne ya ci shi a Disamba, lokacin bukukuwa, a kan farar gezna ta wani ango. Haɗin ya kauce, ya ce bari ya farke ya sake, to shadda kuwa bata mantuwa, duk inda allura ta shiga ramin yana nan. Sai da ya shiga Kantin Kwari ya sayo wani yadin da kuɗinsa, aka kai wa masu babban inji da roƙo suka buga a daren.

Bayan wannan na canza salon zanen gaba ɗaya. Na daina yi masa layi mai ɗorewa, na koma 'yan furanni da tambari-tambari masu zaman kansu, kowanne bai wuce milimita 90 ba, a jera su da sarari a tsakani. In ɗaya ya kauce da milimita ɗaya ido baya kamawa tunda ba abin da ya haɗa su. Wasu samari sun so shi, har an ɗan yi yayinsa a unguwar. Manya kuwa sai su nuna hoton wani aiki a waya su ce irin wannan nake so, kuma irin wannan ɗin kullum dogo ne mai zagaye wuya.

Azumin 2024

An ɗauki azumi 11 ga Maris, sallah 10 ga Afrilu. Tun satin farko ya ga lissafin ba zai fita ba, riga uku a yini in an dage, shi kuma kaya sun cika kanta. Ya koma tura yaro da adaidaita kamar bara. Keken yana gefe an rufe shi da zani saboda ƙura, sai in za a sa ɗan aiki a aljihu. Ya so ya sayar, amma a watan Fabrairu dala ta riga ta haura naira 1,500, abin da za a ba shi a nasa ko rabin babban bai kai ba.

Yuni zuwa Satumba 2024: awo

Bayan babbar sallah, wadda ta kama 16 ga Yuni, maigidansa da ya koya masa ɗinki ya leƙo shagon, dattijo ne da ya yi zamanin aikin hannu da na keken 20U. Ya ɗaga zanin ya kalli keken, ya saurari labarin tun daga farko bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Kai da ko wandon yaro baka yankawa sai ka sa masa tef, ka sayi keke sukutum baka gwada aikin ba?" Telan ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne Baba." Dattijon ya ce a kawo kwali da almakashi.

Na buɗe waya na karanto musu girman filin kekunan da ake samu, shi kuma yana yanka tagogi a kwali. Na milimita 100 da 100 irin su Brother PE535. Na 130 da 180 wato 5x7 irin PE800. Na 160 da 260 irin Innov-is NV800E. Na 200 da 280 irin Janome 500E, na 200 da 300 irin masu allura shida na Brother, sai na 200 da 360 irin Janome 550E da PR1055X mai allura goma. Aka sauko da duk rigunan da ke rataye, da waɗanda masu su basu zo karɓa ba, da nasa na sawa, aka shimfiɗa a teburin yanka ana ɗora kwali ɗaya bayan ɗaya, in aikin ya leƙo gaba ɗaya ta tagar ya shiga, in wani gefe ya ɓuya bai shiga ba.

Tagar farko aljihu kawai ta ɗauka. Abin da ya girgiza shi tagar 5x7 ce, don ita yake ta mafarkin komawa, ita ce kuma kuɗinsa zai fi saurin kaiwa. Inci 7 ne tsawonta, wuyan da ya fi gajarta a cikin rigunan nan inci 9 ne. Da ya saya da an sake komawa gidan jiya. Ta 160 da 260 tana ba da tsawon inci 10 da ɗan kaɗan, ta ɗauki gajerun, amma sai wani abu ya fito da ko ni ban lura da shi ba, duk aikin da ya zagaya wuya ya hau kafaɗa faɗinsa yana kai inci 7 zuwa 7 da rabi, ita kuwa faɗinta inci 6 da kaɗan ne, kunnuwan aikin suna ɓuya ta gefe ko da tsawon ya isa. Mu duk tsawo muke ta kallo. Masu faɗin 200 ne suka ɗauki zagayen, ta 280 ta tsaya a inci 11, ta 300 ta tsaya dab da 12, sarƙar nan tasa mai inci 12 cif ta fi ta da 'yan milimita, wannan kam ragewa kaɗan ta isa. Ta 360 ta haɗiye duka har da masu inci 13 da rabi. Babbar riga kuwa ba wadda ta ko kusa, aikin aska a babbar riga ya fi ƙarfin duk keken da ake ɗorawa a tebur.

Aka rubuta a bangon shago da alli, faɗi 200, tsawo 300 ko sama. Saura kuɗi.

Kuɗin kuwa ƙaramin keken ne ya kawo wani kaso. Ana shirin komawa makaranta a Satumba wata islamiyya ta kawo aikin bajo da sunan makaranta a hijabai da aljihun riguna, daga nan wata firamare mai zaman kanta ta biyo, sai masu shago da ke son tambarinsu a rigar ma'aikata, sai mata masu son sunan jariri a tawul da shawul na suna. Bajo inci 3 ne zuwa 3 da rabi, ɗauri ɗaya, minti goma sha wani abu, yaron shago ma ya iya. Keken da aka rufe da zani ya koma yini yana kuka.

Janairu 2025: keke na biyu

Zaɓi biyu ya tsaya a kai, mai allura shida da filin 200 da 300, ko mai allura ɗaya da filin 200 da 360. Mai allura shida ya fi sauri ga aiki mai kaloli tunda shi yake canza zare da kansa, amma kuɗinsa ya yi nisa, kuma da muka sake duba rigunan nan kusan duka zare kala ɗaya ne, in ya yi yawa biyu, maza dai basu cika son kwalliya mai launi bakwai a ƙirji ba. Ya samu mai allura ɗaya na hannu wajen wata mata da ta daina sana'ar. Wannan karon da filash ɗinsa ya je, da yankin shadda a leda, ya ce "Hajiya, in ba damuwa a bari in ga ya buga wannan tukuna." Aka buga sarƙar mai inci 12 a gabansa daga sama har ƙasa a ɗauri ɗaya, sannan ya biya. Fayil ɗin ma sai da na canza masa, don kowane kamfani da irin nasa, Brother PES, Janome JEF, manyan injina kuma galibi DST na Tajima.

An ɗan sha wahala a satin farko. Teburin da ya tanada a jikin bango yake, firam ɗin yana komawa baya ya daki bango aikin ya goce, sai da aka ja teburin tsakiyar shago aka matsar da keke ɗaya. Sannan dole a daina yanke wuya kafin aiki, a bar gaban rigar a cike da alli kawai, saboda firam yana buƙatar yadi ya fito ta kowane gefe ya kama, in an riga an fafe wuyan ba abin da zai riƙe saman.

Na uku ya fi ɗaure masa kai. Firam ɗaya matar ta ba shi, babban, sauran sun ɓace a wajen tashi. Ya ɗauka babba ai ya wadatar, ya sa aikin aljihu mai inci 3 a tsakiyarsa, sai yadin ya tattare a kewayen aikin kamar bakin jaka. Firam a gefe yake riƙe yadi, duk yadda tsakiya ta yi nisa da gefe haka take samun sakin jiki, allura tana soka tana ɗagowa yadin yana bin ta, zare kuma yana janyo shi ciki. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce ka ɗauki firam mafi ƙanƙanta da disain zai shiga. Ga asarar takardar ƙasa, ka yanka mai tsawon kusan kamu don aikin da bai kai tafin hannu ba. Ya yi odar mai 140 da 140, kafin ya iso aljihu ya koma kan ƙaramin keken, kuma ko da ya iso ma a can aka bar shi.

Azumin 2025

An ɗauka 1 ga Maris, aka yi sallah 30 ga wata. Wuya mai suka dubu 20 a gudun 600 a minti yana cin minti 33, da ɗauri da canza zaren ƙasa a ce minti 45. Baya sakin keken a ƙarshen gudunsa a kan shadda, ya ce zare ya fi kwanciya in an bi a hankali. Babba yana wuya, ƙarami yana aljihu a lokaci guda, yaro ɗaya a tsakaninsu. Ba kaftani ko ɗaya da ya fita waje a watan. Ya daina karɓar ɗinki tun ashirin ga azumi don kekensa kai ɗaya ne da shi, ba kamar manyan injinan nan masu kai da yawa ba, ya san iya abin da zai iya bugawa a yini, kuma a gida ya kwana daren sallah.

Yadda na ga abin

Keken farko ba shi da aibi, abin da aka rubuta a kwalinsa shi ya yi, mai tallar ma bai yi ƙarya ba. Wanda sana'arsa bajo ce da suna da tambarin aljihu, 4x4 ya ishe shi, sayen babba ma ɓarnar kuɗi ce a wajensa. Kuskuren telan nan shi ne ya fara da tambayar wane keke kuɗina zai saya, alhali rigunan da za su ba shi amsa suna rataye a bayansa. Gaggawar tana da uzuri, kowa ya ga yadda naira ta yi a lokacin, amma awon kwalin nan bai ci awa biyu ba, kuma ko a Agustan 2023 ana iya yinsa.

Nawa laifin ya fi na matse disain girma. Ranar da keken ya ƙi buɗe fayil ya kamata in ce masa wannan ba na wuya bane, nemo masa aikin da ya dace da shi. Sai na biye wa son nuna gwaninta, na yi wata uku ina yanka fayil ina sa giciye, har aka kai ga geznar ango. Raba disain dabara ce ta fita kunya sau ɗaya a wata, ba a gina shago a kanta, musamman a yadin da baya yafe ramin allura. Firam mai matakai kuwa ya cancanci kuɗinsa ga wanda aikinsa ya tsaya a inci 6, nasa ne ya wuce nan.

Inda nake ganin ya yi daidai shi ne da ya tsallake 5x7, ya kuma zaɓi tsawon fili a kan yawan allura. Da kayan mata yake yi masu kaloli da yawa da zan ce akasin haka. Babbar riga har yau yaro ne yake kai ta da adaidaita, bai kuma da niyyar sayen injin da zai ɗauke ta, a shekara guda nawa yake ɗinkawa. Firam ɗin 5x7 da bai taɓa hawa keke ba yana nan a ƙusa kusa da ƙofa, a jikinsa yara suke rataye tef.